Bangon da muka bar wa furojekta

Jama'a, yau na ga abin takaici a makarantarmu ta Garwa! Tun hutu muke shirin sa furojekta a ajina. Mun ja waya, mun bar bango ɗaya fari tas don haska hoto. Yau ne sufeton makarantu zai zo ganin darasin farko. Ina buɗe ƙofa, bangon baƙi ƙirin!

Na ruga wurin direkta, shugaban makarantarmu. Ya ce, "Ni na sa a yi fenti, Madam, a samu allo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai muna da allo!"

Ya ce, "To, yanzu biyu ne."

Sufeto ya shigo, na kunna, hoto sai dishi-dishi. Ya ce, "Madam, anya kin iya aiki da na'urar nan?"

Direkta na gefensa yana gyaɗa kai!