Yadda Na Shayar da Mutane Karatun Ƙanena

Ban yi karatu ba. Wannan ma faɗa nake, ana rubutawa. Shekaru kaɗan kafin Nasara su shigo ƙasarmu, ni magidanci ne a Madarunfa, ina noman gero, in an yi gangar yaƙi in ɗauki baka. Ƙanena kuwa malami ne. Ya sauke Alƙur'ani, ya wuce fiƙihu, ya zauna Katsina gaban wani tsohon shehi yana karatun manɗiƙi da falsafa, wato ilimin auna hujja a gane ta gaskiya da ta banza. Shekara bakwai yana rubuta sharhinsa da hannunsa. Saura ya karanta wa shehin, a ba shi izinin karantarwa.

Rasuwar innarmu ta dawo da shi gida, hare-hare kuma suka tare hanya. Ya kasa zama. Kullum yana kai da kawo a bakin tabkin garinmu, yana cewa shehinsa ya tsufa, ba zai jira shi ba. Ƙarshe ya tafi garin Gabi neman ayarin da zai bi, ya bar mini gafakar takardunsa amana. A bayansa agana ta kama ɗiyata. Boka ya yi nasa, ba sauƙi. Na dubi gafakar, na ce ai rubutu duk rubutu ne, na babban malami kuma ya fi ƙarfi. Na zare warƙa uku, na jiƙa a ƙwarya, na ɗura mata. Ta tashi.

Nan na ɓata. Labari ya kai garin Safo, ya kai garin Sarkin Yamma. Musulmi suka zo, masu tsafi ma suka zo. Wata tsohuwa ta tsugunna a ƙofata, ta ce in ji tsoron Allah, ran ɗiyata bai fi na jikanta ba. Na ba ta. Na ba na bayanta. Ban karɓi komai ba, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yadda ake gaishe ni. Na riƙa ce wa kaina takardun da yawa, ba zai lura ba.

Bayan wata guda ya dawo da murna, ya sami ayari. Ya ɗaga gafakar, ya ji ba nauyi. Ya kira ni Yaya, ya tambaye ni ko gara ce. Na faɗa masa gaskiya, har da alfahari, na ce karatunsa ya ceci rayuka. Ya jera abin da ya rage a tabarma, ya daɗe yana dubawa. Sai ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce babu aya ko ɗaya a ciki. Ya ce wanda ɗiyata ta sha shi ne babin da ya yi bayanin cewa don abu ya biyo bayan abu, ba shi ke nuna na farkon ne ya jawo na biyun ba. Na ce to ai ta warke. Ya ce in ƙirga waɗanda suka sha suka mutu. Na ƙirga. Sun fi yawa.

Ya ƙi bin ayarin, ya zauna sake rubutawa daga ka. Ya rubuta, ya kekketa, ya tashi, ya zauna. Kafin kaka labarin rasuwar shehin ya iso. Daga ranar bai ƙara taɓa alƙalami ba. Ya yi noma har ya mutu, bai taɓa zagina ba.

Na ga yunwa, na ga yaƙi, ba wanda ke hana ni sukuni kamar wannan. Abin da na koya, rashin sani bai kai jin cewa ka sani muni ba. Duk wanda aka ba ajiyar abin da bai gane ba, ya bar shi yadda yake, ya jira mai shi. Kuma in akwai mai dogon karatu a gidanku, ku tambaye shi abin da yake rubutawa. Ni shekara bakwai ban tambaya ba.