Farantin da Aka Shuka Kakin Baba

Mahaifina mutum ne mai kyauta, kuma abu biyu ba sa barin aljihun rigarsa: goro, da wani ɗan gwangwanin alewa cike da kafso ja da rawaya. Ran kasuwar Babban Mutum yake sayensa wurin masu tallan magani a tire. In baƙo ya ce kansa na sara, sai a miƙa masa ɓarin goro da kafso biyu. In maraƙi ya yi zawo, a fasa masa uku a ruwa. Kaji ma suna da rabonsu. Ban taɓa ganin wanda ya sha maganin nan kwana uku a jere ba, don da jiki ya ɗan saki sai Baba ya ce a bar wa wani sauran.

Shekarar da ya yarda a yi masa aikin ƙaba, na kawo shi Daura, inda nake koyarwa. Aiki ya yi kyau. Kwana huɗu yana kwance yana zolayar nas-nas, yana tambayar ko hadari ya fara haɗuwa wajen Baure. Rana ta biyar zazzaɓi ya rufe shi, tari ya sarƙe shi, numfashi ya koma sama-sama. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya duba hoto, ya ce limoniya ce, kuma a nan asibiti ya ɗauke ta. Raina ya ɓaci, na ce na kawo mutum da ƙafarsa don a rage masa ciwo, an ƙara masa. Likita bai yi musu ba. Ya ce ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin marasa lafiya sun fi na gida taurin kai, don sun saba da magani. Ya sa aka karɓi kakin Baba a 'yar kwalba aka kai ɗakin gwaji.

Aka fara allura, babu sauƙi. Aka sauya wata, aka sa masa robar iska a hanci, aka mayar da shi ɗaki shi kaɗai. 'Yan dubiya daga ƙauye sai dai su tsaya a taga su yi sannu. Nan fa tsoro ya kama ni sosai, na ga mahaifina zai tafi ina kallo.

Da hantsi ya yafito ni. "Kai, ina gwangwanina?"

"Yana jaka, Baba."

"Yaran nan ba su san jikina ba. Fasa mini biyu a kunu."

Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, na waiga na ga babu nas, na fasa. Sau uku na yi haka.

Rana ta uku da kai kakin na gaji da jin "sakamako bai fito ba", na tafi ɗakin gwajin da niyyar faɗa. Na tarar da wata dattijuwa mai tabarau, wadda ko gobara ba za ta sa ta gudu ba. Ta bar ni na gama sababina, sannan ta ce, "Malam, shuka muka yi. Ka taɓa ganin an shuka da safe an girbe da la'asar? Wanke hannunka ka zo, amma kada ka taɓa komai."

Ta ɗauko wani faranti mai murfin gilashi, bai fi tafin hannu ba, ta ɗaga shi saitin fitila. A ciki wani abu ya bazu, fari-fari, kamar saman nonon da ya kwana. Ta ce wannan shi ne abin da ke cikin huhun mahaifina, sun ba shi abinci da ɗumi ya yaɗu har ido ya gan shi. A kansa an jera 'yan takardu farare kamar maɓallan riga, kowanne da maganin da aka jiƙa shi da shi. Wanda ya fi ƙarfin cutar, sai ta ja da baya ta bar fili kewaye da shi.

Na duba na farko, babu fili. Na biyu, babu. Cutar ta tafi har jikinsu ta zauna abinta. Na faɗa mata abin da na zuba a kunu. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce in gaya wa likita, sannan ta nuna wani maɓalli da bakin biro.

"Ga ɗan'uwan maganin naka nan. Sun sha haɗuwa da shi, a jikin mutane da na dabbobi, kullum rabi-rabi. Bai kashe su ba, sai suka koye shi."

Cutar ta kusa hawa kansa. Kunya ta rufe ni, amma mamaki ya fi ta yawa. Halitta da ba ta da ido, ba ta da kai, ta yi karatun maganinmu ta haddace, har ta koya wa 'ya'yanta. Na ce Allahu Akbar, ban san a fili na faɗa ba.

Can gefe guda akwai maɓalli ɗaya da zobe kewaye da shi, tas, kamar an share da tsintsiya. Shi kaɗai. Na roƙe ta, ta bari na ɗauki hoton da wayata.

Ranar aka fara ba Baba wannan magani ta ƙarin ruwa. Likita ya ce yana da nauyi a ƙoda, don haka kullum ana ɗibar jini, ana auna fitsari. Kwana uku zazzaɓi ya sauka. Rana ta huɗu aka cire robar iska, ya nemi fura. A ranar kuma ruwan shuka ya sauka, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga.

Baba ya tashi zaune. "Na warke. Ɗauko mini hula. Sauran maganin a ba wani, ai akwai masu tari a ɗakin can."

Saura kwana uku a gama. Na san in ya ce zai tafi, ba ni da bakin hana shi. Sai na zauna bakin gado na buɗe hoton, na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka yi mini, har na nuna masa nasa na gwangwani. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido.

"Wannan duk a ƙirjina yake?"

"A nan yake, Baba."

"Kuma wannan ɗaya ne ya rage?"

"Shi kaɗai."

"In na bari yanzu, shi ma za su koye shi?"

"Haka matar ɗakin gwajin ta ce."

Ya juya ya kalli ruwan da ke zuba a waje. Shekara hamsin ba a taɓa shuka gonarsa ba ya nan ba. Can ya ce in aika gida a fara shuka ba tare da shi ba, kuma a ɗauki irin da ke rataye a rumbun gabas. Ya sa hannu a jaka ya ciro gwangwanin, ya jijjiga shi sau ɗaya, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Kai wa matar nan. Ka ce ina gaishe ta."

Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa wa nas hannu ta sa masa maganin.