Wanda Ya Zauna a Kujerar Ango

Duk amaryar da aka yi a Zangon Kumasi cikin shekaru goman nan, da wuya a ce ba ta bi ta shagon Fusena ba. Shagon ɗan akurki ne a bakin kwata, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da madubin da ya tsage a gefe. A nan take ɗinka kayan biki, tana jera duwatsu masu walƙiya a bakin mayafi ɗaya bayan ɗaya, ba ta cika ɗaga kai ba. Mahaifiyarta mai koko ce, mahaifinta ya yi dako a kasuwar Kejetiya har bayansa ya ƙi. Ita kuwa ta bar makaranta da wuri ta kama allura, ta yi ta suturta amare har ta haura shekara talatin ba a ɗinka nata ba.

Abdul-Kudus ɗan gidan da ke kallon nasu ne. Ya tafi Turai shekara bakwai da suka wuce, yana aiki a wani gidan ajiye kaya. Ta waya suka shirya. Da magana ta yi ƙarfi, sai ya ce ba zai iya zuwa ba, don in ya fito kafin takardunsa su kammala ba zai koma ba. Dattawa suka ce wannan ba abin damuwa ba ne, tun kakanni ana ɗaura aure da wakili. Aka ɗaura a masallaci bayan sallar hantsi, maza zalla, ita tana ɗaki an lulluɓe ta, ango yana can ƙetaren teku.

Ranar walima aka kafa rumfa a titi, aka ajiye kujeru biyu masu ruwan zinare. Mma Mamuna, uwar ango, ta ce ba za a bar kujerar ɗanta wayam ba mutane su yi ta kallo. Aka kamo ƙaninsa Alidu, aka sa masa farar babbar rigar da aka ɗinka wa wansa, aka zaunar da shi. Alidu mai barkwanci ne, ya yi ta tsokanarta da cewa yau dai shi ne maigida, in wansa ya yi jinkiri ya riƙe kujerar. Ya kama wuƙa suka yanka kek tare, mai hoto yana ɗauka. Kowa ya yi dariya. Ita ma ta yi, a ƙarƙashin mayafi.

Daga nan ta tare a ɗakin da ke kusa da na surukarta, ta shiga jira. Shekara biyu kafin takardun Abdul-Kudus su fito, sannan ya cike mata neman bizar zuwa wurin miji. Ta je gwajin asibiti, ta yi fasfo, ta haddace sunan titinsa da na wurin aikinsa kamar karatun allo. Da aka sa ranar ganawa a Accra, Zango ta ɗauka an gama. Ta ba ƙanwarta Anisa keken ɗinkin. Mata suka fara kawo saƙo: mai ɗa a can ta kawo shito, soyayyen barkono, a kwalba, wata kuka da daddawa, wata busasshen kifi an naɗe da jarida, kowanne da suna a jiki. Saƙo ya cika akwati guda kafin ta sa ko zane ɗaya nata.

An ce mata ta tafi da shaidar aure, don haka Mma Mamuna ta ɗauko babban kundin hotunan biki ta goge shi da gefen zaninta.

“Ki nuna musu duka,” in ji ta. “Su ga ba auren ɓoye muka yi ba.”

A ofishin jakadancin, wata mata ce a bayan gilashi, ba ta da fara’a, ba ta kuma da faɗa. Ta yi ta buɗa kundin a hankali. Ta tsaya a hotunan masallaci ta tambayi ina amarya. Fusena ta ce mata ba sa zuwa wurin. Ta tambayi wanne ne angon a cikin mazan nan. Fusena ta ce ba ya ciki. Matar ta ci gaba har ta iso kan kujerun zinare, ta dubi hoton da ke jikin takardun Abdul-Kudus, ta sake duban mai farar riga.

“Wannan wane ne?”

“Ƙaninsa ne.”

“Shi kika aura?”

Fusena ta ji kunya ta rufe ta har wuya. Duk Turancin da ta tanada ya watse. Ta so ta ce haka ake yi, kujera ce kawai ba a so a bari, amma abin da ya fito bai wuce “a’a” ba. Aka tambaye ta ko akwai hoto ɗaya, ko na da ne, da ita da mijin suke tare. Babu. Lokacin da yake Zango, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita tana shara, shi yana wucewa.

Bayan mako uku amsa ta zo, Anisa ta karanta mata. Ba su gamsu cewa auren na gaskiya ba ne.

Abdul-Kudus ya yi faɗa a waya, ya ce wa ya ce a kai hoton Alidu. Daga baya ya sauko, ya ce zai nemi hutu ya zo a sake zama a yi hoto, sai dai ba bana ba, wataƙila baɗi, wurin aikin ba sa sakin mutum. Wani mai hoto a unguwar Krofrom ya ce zai iya cire kan Alidu ya ɗora na wansa, ba wanda zai gane. Ta dube shi kawai ta fito. Aurenta ba ƙarya ba ne, ba ta ga dalilin da za ta kare shi da ƙarya ba. Alidu kuwa ya daina tsokanarta. In ya shigo gidan, a tsakar gida yake gaishe ta, idonsa a ƙasa.

Sai da ta yi kwana huɗu tana mayar da saƙo. Gida gida take bi da akwatin, ta yi sallama, ta miƙa, a ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ce amin. Kifin ya riga ya fara wari. Wata tsohuwa ta karɓi kwalbarta ta ce ai da ma ta yi mamakin saurin.

Ƙunshi na ƙarshe na Mma Mamuna ne: hula da ta sa aka saƙa wa ɗanta, da yajin da ta daka da hannunta. Fusena ta durƙusa ta ajiye a gabanta. Tsohuwar ba ta taɓa ba.

“Ni na ce a zaunar da yaron nan,” ta ce.

“Mma, ba laifinki ba ne.”

“Mayar da shi cikin akwatin. Ke za ki kai masa.”

Fusena ta mayar. Anisa ta dawo mata da keken ba tare da an roƙa ba, yanzu tana shagonta kamar da, da mayafin wata amarya a cinya. Akwatin yana ƙarƙashin gado. Yajin ya daɗe da sanyi, amma duk wanda ya shiga ɗakin yana jin ƙamshinsa.