Jingar Tabita

Tabita mai bandar kifi ce a wani ƙauye bayan Auyo, daga cikin 'yan gidajen Kirista da suka rage a wurin. Mijinta Haruna masunci ne. Da ya rasu, aka binne shi a ɗan tudun da suke ajiye matattunsu a bakin fadama. Tun ranar ta nuna gefensa ta ce nan ne nata.

Sai ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kowace damina ambaliya na ƙara gutsurar tudun. Lokacin ciwo ya riga ya cinye Tabita, zani ma sai ya zagaye ta sau biyu. 'Ya'yanta na Kano, waɗanda sai a waya ake jin muryarsu, suka ce ta taho, in ta mutu su binne ta can. Wai ya fi musu sauƙi. Ko kunya!

Ita kuwa kwando ta ɗauka, ta fara yi wa tudun jinga, irin wadda ake kare gonar shinkafa da ita.

Ma'u maƙwabciyarta, Musulma, wadda suka tsufa tare a hayaƙin banda, ta same ta tana haki.

"Ke Tabita, wa ya taɓa yi wa mamaci jinga? Shinkafa kika shuka?"

"Shuka ce mana, Yaya. Ranar da Yesu zai yi kira, tashi za su yi. Ni dai in buɗe ido in ga mutumin nan kusa da ni. Na gaji da hira da bango."

"Ji ta! Ba ni kwandon kafin ki faɗi min a hannu."

Ma'u ce ta kira gayya. Maza suka zo da shebur da buhuna, wasu na gunaguni, amma dai sun zo. Tabita na zaune gindin giginya, tana nuna musu inda jingar ta yi ƙasa, tana rera waƙar coci da 'yar muryar da ta rage mata.

Ta rasu ruwa na tsakiyar cika. Hanya ta yanke, 'ya'yan ba su iso ba. A kwalekwale aka ɗauke ta, Ma'u na tsaye a gaɓa tana bin su da ido. Ko'ina ruwa ne fari fat, sai ɗan tudun nan shi kaɗai cikin jingarsa. Aka haƙa gefen Haruna, ba a tarar da ruwa ba, aka kwantar da ita.