Gidan Kawu Mai Busa

Kawuna mai facin taya ne, shekara talatin a bakin titi, kuma ban taɓa ganin ya wuce kwalba a ƙasa ba. Ko gaisawa kuke yi, da ya hango ta a kwata zai saki hannunka. Unguwa ta sa masa Sarkin Bola, shi ma da sunan yake amsawa.

Ashe gida yake tarawa. Ya samu ɗan fili can bayan gari, inda babu turken wuta balle famfo. Ya danƙara wa tsofaffin tayoyi ƙasa ya yi harsashi, ya jera kwalabe da laka har sama. Ya ɗora sola biyu a kan rufi, indararo na zuba ruwan sama a tanki. Ƙofar ma ta tsohuwar bas ce, har yau gilashinta na sauka.

Saura Inna, matarsa. Shekara biyar ke nan da idonta ya tafi, amma a tsohuwar unguwa ƙafarta ta san kowane lungu, ba mai ja mata sanda.

"Malam, ka kai ni inda sai an riƙe min hannu kafin in gane ƙofata?" in ji ta. "Kwana bakwai zan yi. In bai yi min ba, ka maido ni."

Rana ta uku, da la'asar, iska ta taso, sai bangon yamma ya kama busa. Kawu ya manta bai toshe bakin kwalaben layin sama ba. Manyan kwalabe na gurnani, ƙanana na tsuwa. Mu da muka je taya su jera kaya har da riƙe ciki don dariya. Shi kuwa kunya ta rufe shi, ya kwaɓa laka ya jingina tsani.

Yana sama sai ga Inna tafe daga gidan maƙwabta, inda aka raka ta tun safe. Ita kaɗai, sanda a hannu, kai a karkace tana bin sautin. Ba ta kauce ba har ta dafa ƙofar bas. Dariyarmu ta ɗauke, ni kam daɗi ya kusa sa ni kuka.

"Na ji motsin tsani," ta ce. "Me kake yi a sama?"

"Kuskure na yi. Yanzu zan toshe su."

"Ka taɓa ko ɗaya, ni da kai ne. Tun daga gindin bishiyar can gidana ke kirana."

Kawu ya tsaya da laka a hannu. "To, ranar da babu iska fa?"

"Sai ka hau ka hura."

Ya sauko yana share ido da bayan hannu, duk ya shafe fuskarsa da laka. Bana shekararsu shida a gidan, kuma tsanin na nan jingine da bangon yamma.