Kofin da Aka Ajiye a Gabana

Har yau ban manta da wata Alhamis da bakina ya so ya ja mini abin kunya a Doha ba. Lokacin ina tafinta a wani kamfanin gine-gine a unguwar West Bay, Faransanci da Turanci da Larabci duk ni ne. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Manajanmu, wani Bature ɗan Ingila mai suna Mista Harold, ya gayyaci wani injiniya Bafaranshe cin abincin rana a otal, domin a ƙarasa maganar kwangila. Ka'idar aikin tafinta ita ce ka zauna tsakanin mutum biyu, ka faɗi abin da aka faɗa, ka yi shiru. Lemon tsami da na'ana'a na ce a kawo mini, kamar kullum.

Mai zuba mana ruwa kuwa Idirisu ne, ɗan Zangon Kumasi, mutum mai furfura. Ya yi yarjejeniya da otal ɗin cewa ba ya taɓa kwalbar giya. Kowace Juma'a bayan masallaci muna haɗuwa da 'yan'uwa Hausawa a ɗakin su Idirisu a unguwar Fereej Abdel Aziz, mu ci wake da shinkafa, ni kuma in ja musu karatu. Malam suke kirana.

Mista Harold ya ce wa mai kula da giya a kawo musu "claret". Bafaranshen ya ɗaga gira, ya tambaye ni mece ce wannan. Amsar kalma uku ce: jar giyar Bordeaux, wato wani yanki na Faransa. Da na tsaya nan, da lafiya lau.

Amma na yi shekaru ina fassara takardun jiragen ruwa a Marseille da Abidjan, sai abin da na sani ya yi mini ƙaiƙayi. Na gyara zama. Na ce asalin sunan na Faransawa ne, "clairet", wato mai ja-ja mara duhu. Fataken Ingila na dā suka saye ta, suka tafi da sunan gida. Giyar ta yi duhu daga baya, su kuwa ba su sake suna ba, har yadi mai irin wannan launi haka suke kiransa. Faransawa kuma ba sa kiran jar giyarsu da shi. Na kawo misalin yadda muka karɓi kalmomin Larabawa muka lanƙwasa su har masu su ba sa gane su. Kowa yana gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara wuta.

Ga al'adarsu da na manta. In an kawo kwalba, wanda ya fi kowa sani a teburin ake nuna wa takardar jikinta, a buɗe, a ɗiga masa kaɗan. Sai ya shinshina ya kurɓa ya amince, sannan a zuba wa saura. Mai kula da giyar ya ji duk laccar da na yi. Kai tsaye ya wuce manaja, ya wuce Bafaranshe, ya ajiye kofi a gabana, ya ɗiga, ya koma gefe yana jira.

Na ɗaga kai. Idirisu yana tsaye da butar ruwa, ya kafe ni da ido. Gobe Juma'a.

Na yi dabara. Na ce a ƙasarmu baƙo ake fara ba wa abin sha, na nuna Bafaranshen. Ya ce ina, shi injiniya ne, ai ga gwani. Mista Harold ma ya ce, "Alhaji, kai ne malaminmu yau."

Dabara ta ƙare, sai gaskiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekarata sittin da ɗoriya, ɗigo ɗaya bai taɓa shiga bakina ba, kuma ba yau zai fara ba. Duk abin da na faɗa a takarda na gan shi."

Bafaranshen ya yi dariya har da hawaye. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya san tarihin abu haka bai san ɗanɗanonsa ba. Ya miƙo hannu ya ɗauke kofin da kansa. Idirisu ya matso ya dire lemona a daidai inda kofin ya tashi, da ƙarfi, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Malam, sha naka. Khalas, shi ke nan."

An sa hannu a kwangila. Washegari na tafi Fereej Abdel Aziz. Ina cire takalmi na ji an ce, "Ga Malam Kilaret ya iso!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Na ce, "Idirisu, ka tona ni ke nan?"

Ya ce, "Na faɗa musu ba ka sha ba, Malam. Amma na faɗa musu ka yi wa kwalba tafsiri rabin awa."

Suka buɗe mini wuri, aka miƙo mini littafi, na ja karatu kamar yadda aka saba. Sunan dai ya bi ni har na yi ritaya.

Saboda haka in an tambaye ku ma'anar kalma a teburin aiki, ku ba da ma'anar ku rufe baki. Duk wanda ya nuna ya fi kowa sanin abin da ke cikin kwalba, shi za a fara zuba wa.