Shaidar da Na Bayar a Kan Ɗan Guri

Ni ne mai laifi a maganar nan, kuma ba cikin rashin sani na yi ba. Da hankalina na hana wani bawan Allah aikin da ya fi kowa cancanta da shi, don kawai raina ba ya son a ba shi.

Na fi shekara goma ina hidimar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta wata kwaleji a Haɗejiya. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na gama. Mai kula da fili aka ɗauke ni. Ni ke sare ciyawa, in ja layi da toka, in ɗaura raga, in hura ƙwallaye. Amma da ƙuruciyata na buga lamba tara a ƙungiyar unguwarmu, saboda haka duk ranar da babban koci ya makara, ni nake tsayawa da 'yan gaba ina nuna musu yadda ake sa wa ƙwallo kai. Ɗalibai Baban Fili suke ce mini. Ban taɓa jin haushin sunan ba sai ranar da na ji sun ce wa wani Koci.

Wannan wanin tsohon ɗalibinmu ne, mutumin Guri, gidansu masunta ne kuma suna noman shinkafa. A hannuna ya koyi buga ƙwallo da hagu. Ya gama karatu, ya je ya yi kwas na horar da 'yan wasa, ya dawo yana taimaka mana da yamma ba tare da kowa ya sa shi ba.

Ina tuna wata la'asar, ina ɗinke raga a gefen fili, na ji ya tsayar da wasa.

"Kai lamba tara, a tudu aka haife ka ko a bakin ruwa?"

"A tudu, Koci."

"Na ga alama. To ranar su, idan an fita kamun kifi a kogi, ka taɓa jin an ce kowa ya afka inda kifi yake? Wasu ne ke koro shi. Mai homa yana can tsaye da ragarsa inda babu komai, yana jira. Kai mai homa ne. Bar bin ƙwallo kamar ta ci maka bashin goro, je ka tsaya inda babu kowa."

Suka fashe da dariya. Aka ci gaba da wasa, kafin magariba lamba tara ya zura uku.

Abin da ya ci mini rai shi ne, ni ma abin da nake faɗa musu ke nan shekara da shekaru. Sai dai ni ihu nake yi, ina cewa ku buɗe, ku buɗe, babu mai ji. Shi ya faɗa sau ɗaya da zancen kifi, ta zauna. Da aka tashi suka kewaye shi suna ta tambaya, ni kuma suka ajiye mini rigunansu masu gumi a gabana suna cewa, "Sannu da aiki, Baba." Na amsa, amma a hanyar gida ban san sanda na wuce ƙofar gidanmu ba saboda tunani.

A shekarar nan ƙungiyarmu ta sha wuya a gasar kwalejoji. Bayanmu da ƙarfi, gabanmu babu ci. Babban koci ya nemi a ɗaukar masa mataimaki wanda aikinsa kawai horar da 'yan gaba, hukumar makaranta ta amince, aka kafa kwamiti. Tun da na ji labari na sa a raina cewa aikin nawa ne. Ban rubuta takardar nema ba. A ganina wanda ya yi shekaru yana yin aiki ba sai ya roƙa ba.

Wata Talata aka aiko cewa shugaban kwamitin yana nemana. Na koma gida na sa kaftanina na Juma'a. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Maigida, ɗaurin aure ake yi yau Talata?" Na ce ta dai yi mini addu'a.

A wajenmu ba a ba mutum amana da takarda kaɗai. Ko aure ne ko aiki, sai an sami babba wanda ya san shi an tambayi halinsa. Abin da babban ya faɗa a ɗaki yake zama, kuma ba a ce masa ya kawo hujja. Ashe don wannan aka kira ni. Su huɗu ne a ofis, suka ba ni kujera, shugaban ya ce:

"Baba, ka san ɗan Gurin nan tun yana ɗalibi. Babban koci shi yake so. Mu halinsa muke tambaya. Za a iya ba shi amana?"

Na dubi kaftanina, na ji kunya ta rufe ni, bayan kunyar kuma wani abu mai zafi ya taso mini. Ashe ko sunana bai zo a bakin kowa ba. Na gyara murya, irin gyaran muryar da duk babba ya san ma'anarsa a wurin bincike, na ce:

"Ranka ya daɗe, ƙwallo kam ya iya ta."

"Sai me?"

"Duk damina yakan ɓace. Sati uku, wani lokaci har wata guda. Kuma daidai lokacin da ake shirin gasa."

"Ina yake zuwa?"

"Wannan kuma sai Allah."

Na san inda yake zuwa sarai. Idan kogi ya fara cika, ciyawar kacalla takan toshe hanyoyin ruwa a wajensu, ruwan ya juya ya nufi gonaki da gidaje. Sai a kira gayya, kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Mahaifinsa ya tsufa, shi ne babba. Yakan wuni cikin ruwa har ƙirji yana yankan ciyawa, idan an gama a koma cika buhuna da ƙasa ana ɗaga jingar da ke tare ruwa. Kowace shekara ni yake fara yi wa sallama kafin ya tafi. Mutanen da ke zaune a ofishin nan duk 'yan fadama ne, shugaban ma yana da gonar shinkafa. Da na ce musu jinga yake zuwa, da sun gyaɗa kai sun ce Allah ya yi masa albarka, a nemi yadda za a yi da makonnin. Na san haka. Shi ya sa ban faɗa ba.

Babban koci ba ya cikin ɗakin, kuma ba a gaya masa dalilin ƙin ɗaukar ɗan Gurin ba. Bayan sati biyu aka ba wani baƙo aikin, mutum mai takardu da yawa. Ni dai ba a ba ni ba, amma ba zan ɓoye ba, ranar na ci tuwona da daɗi.

Kwana uku bayan haka ɗan Gurin ya zo gidana da hantsi, riƙe da kwalin kifi banda. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, na ji an ce an kira ka a kaina. Na san ka yi iya ƙoƙarinka. Ba rabona ba ne. Ga wannan a yi wa yara miya."

Na ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Bakina bai yi rawa ba. Da ya tafi mai ɗakina ta ce, "Wannan yaro akwai ladabi." Na ce mata ta rabar da kifin a maƙwabta, ni yana sa mini ƙaiƙayi. Ta dube ni, don ta san tun aurenmu babu abin da nake so kamar miyar banda, sannan ta ɗauki kwalin ta fita.

Bai sake zuwa fili ba. Baƙon da aka kawo ba mugu ba ne, yana da allo da alli yana ta zane, 'yan wasa suna hamma. Idan aka ɓarar da ƙwallo a bakin raga sai in ji wani daga benci ya ce, "Da Koci yana nan." Kowa ya san wanda ake nufi. Abin kunya, ko a lokacin ba tausayinsa nake ji ba, haushi nake ji cewa ba ya nan ma ya fi ni. Na kai wata biyar a haka. Idan na tsaya salla sai maganar nan ta "sai Allah" ta dawo mini, don na jingina ƙaryata da sunan da bai kamata ba.

Da damina ta sake zagayowa na je wajen shugaban kwamitin na gaya masa gaskiya duka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baba, mun amince da kai ne. Yanzu an riga an ba wani, ba za mu kore shi ba alhali bai yi laifin komai ba. Idan gurbi ya samu, zan tuna. Amma ba ni ka zalunta ba."

Washegari na hau mota zuwa Guri, daga nan kwalekwale ya ƙarasa da ni ƙauyensu, don ruwa ya cinye hanya. Na same su a kan jinga, maza sun fi talatin, kowa taɓo har wuya. Yana ganina ya ajiye buhu ya taho da murna.

"Baba, kai ne a garinmu? Lafiya dai? Mu je gida ka sha ruwa."

Na ce masa ba zan sha ruwan gidansu ba sai ya ji abin da ya kawo ni. Ya so ya ja ni gefe, na ƙi, don mutanen da ke wurin su ne shaidar inda yake zuwa. Na cire hulata na riƙe a hannu.

"Ɗana, ni na hana ka aikin nan. An tambaye ni halinka, na ce kana ɓacewa duk damina, na ce ban san inda kake zuwa ba, alhali na sani. Ba abin da ka yi mini. Ka fi ni iya aikin ne, zuciyata ta kasa ɗauka. Na karɓi kifinka ina kallon idonka ban gaya maka ba. Na je na faɗa musu gaskiya, amma aikin ya riga ya wuce ka, kuma ba ni da ikon dawo maka da shi. Don Allah ka yafe mini."